Hoton Bulus a Gaban Dutsen Ƙanƙara

A Tamanrasset, cikin hamadar Aljeriya, aka fara cinmu. Mutumin da ya ce zai ƙetarar da mu ya ajiye mu a wani kango, ya ce zai je ya sha mai ya dawo. Har yau bai gama shan man ba.

Mu biyu ne 'yan Kaduna a cikin ayarin: ni Sale mai hoto daga Makera, da Bulus daga Romi. Ba a hanya muka haɗu ba. Tun yana aiki a masaƙa a Kakuri na san shi, don ni na ɗauki hoton da aka manna a katin aikinsa. Bai taɓa yafe mini hoton nan ba. Kullum cewa yake na mai da shi kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Masaƙa ta rufe, ya koma acaba, acaba ma ta gagara. Ni kuma waya ta kashe mini sana'a, kowa ya zama mai hoto. Dalilin fitarmu ke nan, babu wani.

Abu ɗaya na riƙe a tafiyar, kyamarata. Na naɗe ta a leda, na cusa ta cikin ƙullin garin kwaki. Masu tare hanya sun ƙwace wayoyinmu, sun ƙwace takalmin Bulus, amma ba wanda ya sa hannu a garin kwaki. Filasha ce kawai yashi ya shiga ya kashe.

A Aljeriya mun ɗauki bulo, mun haƙa rami, mun kwana a gine-ginen da ba a gama ba. Wani ya biya mu, wani ya nuna mana kare. Daga nan muka tsallaka Maroko, muka shiga wani daji kusa da teku inda baƙaƙen fata ke jiran kwalekwale. A dajin nan Bulus ya fara tari. Ya ce hayaƙin robar da ake dafa abinci da ita ne. Na ce to.

Ba mu ga kwalekwale ba. Masu kaki suka zo da sassafe, suka tattara mu, suka zuba a bas. Aka yi kudu da mu, aka sauke mu a wani gari da ban san sunansa ba har yanzu. A tashar garin wani mai hular sanyi ya ce yana neman masu tsinkar tuffa a kan duwatsu, da abinci da wurin kwana. Muka hau bayan motarsa. Mota ta yi ta hawa har kunnena ya toshe. Muka tsinki tuffa har ta ƙare. Ranar sallama ya ce zai sauka birni ya dawo. Bulus ya dube ni ya ce, wannan ma mai zai sha.

Wanda ya ɗauke mu wani tsoho ne, Baba Lahsan. Yana da alfadarai biyu da ɗakunan da yake saukar da Turawa masu hawan dutse. Ya gan mu zaune a bayan masallaci muna rawar sanyi, bai tambaye mu komai ba, ya yafito mu da hannu. Ya ba mu ɗakin da ke saman garken alfadaransa, inda ɗumin dabbobi ke hawowa ta ƙasa. Matarsa ta kawo miyar sha'ir mai zafi. Yarensu ba Larabci ba ne. Ni Larabcina bai wuce na salla ba, Bulus kuwa ko wannan babu. Da hannu muka yi ta magana, kuma ba mu taɓa rasa fahimtar juna ba.

Washegari na ga dutsen. Daren jiya ƙanƙara ta sauka a kansa. A shagona na Makera ina da wani labule da ake tsayawa a gabansa, an zana tsauni fari da tafki a jiki. Amare da 'yan makaranta duk sun tsaya a gaban labulen nan, ban taɓa ɗauka akwai irinsa a duniya ba. Bulus ya fito yana tari, ya daɗe yana kallo.

"Alhajin hoto," ya ce, "ga labulenka an wanke."

Haka yake kirana, ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba. Ni kuma ina kiransa Fasto, ko da yake a Romi sai matarsa ta ja shi yake zuwa coci.

Aikina ɗora kaya a kan alfadari ne da kwashe kashi. Bulus yana wanke tukwane, ranar da jiki ya bar shi. Da Baba Lahsan ya ga kyamarar, sai ya nuna mini bangon ɗakin baƙi, ya nuna dutsen. Na gane yana son hotunan da zai rataye. Na tambaye shi da hannu wa zai tsaya a ciki. Ya ce ba kowa. Abin ya ba ni mamaki. A wurinmu hoto na mutum ne, abin da ke bayansa ado ne kawai. Ban taɓa danna kyamara babu ɗan Adam a gabana ba.

Bayan sallar asuba ya hau da ni soron gidansa. Gari shuɗi, shiru, sanyi kamar ana yanka kunne. Ya nuna can sama ya ce in jira. Sai kan dutsen ya kama, ɗan wuri kaɗan, ja kamar garwashin da aka hura. Mu muna cikin duhu a ƙasa, shi kaɗai rana ta gani. Jan ya riƙa saukowa a hankali, ya koma ruwan goro, ya koma ruwan zuma. Na ɗaga kyamara, ta mutu a hannuna.

Laifin sabo ne. Duk rayuwata zafi da ƙura nake kare wa kyamara, don haka na ajiye ta a taga, inda ya fi sanyi. Ban san sanyi yana shanye batir ba. Baba Lahsan ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya cire batirin ya cusa mini a hammata, ya matse hannuna a kai. Kafin batirin ya farfaɗo, dutsen ya zama fari fat, an gama. Jan nan ba ya daɗewa. Wanda ya tsaya yin raka'a biyu ya rasa shi.

Na koya. Da batir a ƙirjina nake kwana. Na gane da safe hasken daga sama yake saukowa, da yamma kuma daga ƙasa yake hawa, sai ya tattara a ƙololuwa ya yi ja sosai, sannan ya mutu, dutsen ya koma toka. Na gane in sama ta yi tas ba gajimare, jan ba ya ƙarfi. Na daina numfashi a kusa da gilashin. Baba Lahsan ya kai hotunan birni aka wanke, ya rataye, baƙi suna tsayawa suna kallo. Ni ban ji komai a kansu ba. Hoto ne ba mutum.

Bulus kuwa yana ta ƙarewa. Wandonsa sai da igiya. Ranar Lahadi Baba Lahsan yakan ba shi waya ya kira matarsa Saratu. Yakan shiga garke ya gama tarinsa, sannan ya kira. Ya ce mata yana aiki a otal, ana ba shi nama kullum. In ta ce ya buɗe bidiyo ta gan shi, sai ya ce kyamarar wayar ta fashe. Ina jinsa, ban taɓa sa baki ba. Ni ma abin da nake gaya wa nawa ke nan.

Wata safiya na ga jini a tsumman da yake rufe baki. Ya ga na gani. Ya zaunar da ni, ya yi magana ba wasa. Ya ce ya san gawarsa ba za ta koma Kaduna ba. Ya ce a wurinsu in mutum ya mutu, hotonsa ake sa wa firam, babban ɗa ko 'ya ya riƙe a gaba a shiga coci da shi, a buga shi a riguna, daga baya a rataye a falo har jikoki. In babu gawa, hoton shi ne gawar. Kuma hotonsa na kirki guda ɗaya ne a gidan, na katin masaƙa. Na aurensu ruwa ya ci shekarar da rufinsu ya yaye.

"Ba za a shiga coci da ɓarawon akuya ba," ya ce. "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ka ɗauke ni da dutsen nan lokacin da ya yi ja. Su san na je wani wuri."

Na ce masa ba zai mutu ba. Ya ce in bar wa'azi, shi ne Fasto.

Muka fara. Kullum asuba in tallafo shi zuwa soro. A nan na ci karo da abin da ban taɓa gani a shago ba. Dutse yana cikin haske, Bulus yana cikin inuwa, kuma Bulus baƙi ne sosai. In na saita kyamara ta kama jan dutsen, sai Bulus ya zama baƙin kututture, ba ido ba hanci. In na saita ta ga fuskarsa, sai dutsen ya ƙone ya zama fari, ja ya tafi, kamar ya tsaya a gaban bango. Filasha ce maganin wannan, ita kuma tana matacciya tun hamada. Na gwada fitilar gas, ta mai da shi kore. Matar Baba Lahsan ta riƙe mana babban farantin shayi ko zai mayar da haske, amma babu hasken da zai mayar. Bulus yakan duba ɗan allon bayan kyamara ya ce wannan aljani ne, wancan kuma gawa ce ta riga shi.

Wata ma'aikaciyar jinya takan zo ƙauyen ranar kasuwa. Ta sa abin sauraro a bayansa, ta ɓata fuska. Ta yi wa Baba Lahsan magana mai tsawo, shi kuma ya fassara mana da hannu: a sauka da shi asibitin birni yanzu, iskar sama ba ta ishe shi, kuma in babbar ƙanƙara ta zo hanya za ta rufe. Akwai motar kaya da za ta sauka. Bulus ya ce ba ya shiga sai an yi hoto. Na zage shi, na ce hoto zai ci ko magani. Ya ce in an kwantar da shi a gadon asibiti, wane dutse zan sa a bayansa? Mota ta tafi ba shi.

Baba Lahsan ne ya kawo shawara, kuma na ga bai so ba. Ya zana a ƙasa da sanda. Akwai wata mashiga can sama tsakanin duwatsu biyu, inda rana mai faɗuwa ke bugun mutum a fuska, babban dutsen kuma yana bayansa. A can haske ɗaya zai kama su duka. Sai dai wurin ya fi ƙauyen tsayi nesa ba kusa ba. Ya nuna ƙirjin Bulus, ya girgiza kai. Bulus ya riga ya fara neman takalminsa.

Bayan azahar muka tashi. Baba Lahsan ya cire babbar rigarsa ta ulu mai hula, wadda yake zuwa Juma'a da ita, ya zura wa Bulus. Muka ɗora shi a alfadari, muka ɗaure shi da igiya a ƙugu. Tsoho yana ja a gaba, ni ina baya da hannu a cinyarsa. Ƙanƙara tun tana idon sawu har ta kai gwiwa. Numfashin Bulus ya koma kamar ana zuƙar ruwa da tsinke. Na ce mu koma. Bai da iskar amsawa, sai ya ɗaga ƙafa ya taɓa alfadarin ya ci gaba.

Mun isa rana tana gab da kan duwatsun yamma. Baba Lahsan bai yi ƙarya ba. Haske ruwan zuma ya cika wurin, ga babban dutsen a baya kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Muka sauke Bulus. Ya ture hannuna, ya ce shi zai tsaya da kansa. Ya tsaya. Ya gyara rigar, ya cire hular, ya ɗaga haɓa kamar yadda nake sa kwastoma su yi. Na ciro batir daga hammata, na saka, na danna. Komai ya fito. Fuska ta fito, dutse ya fito. A aikin hoto ban taɓa samun haske irin wannan ba.

Na duba allon, sai na ga abin da idona ya ƙi gani tun watanni. Kullum ina tare da shi, ban lura ba. Hasken bai ɓoye komai ba. Kumatu sun faɗa, ido ya shige rami, leɓe ya tsage ya yi fari, haƙora sun yi masa yawa a baki. Na ci gaba da dannawa don kar ya gane. Rana ta sauka bayan dutse, haske ya bar fuskarsa, ya bar mashigar, ya hau sama. Kan dutsen ya yi wani ja da ban taɓa gani ba, har ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa ta koma shuɗiya. Bulus yana tsaye har yanzu. Na danna sau ɗaya. Ya fito baƙi kamar kullum, sai dai tsaye, kafaɗa a buɗe cikin rigar tsoho, kai a sama.

Ya zauna a kan ƙanƙara ya ce in kawo. Na so in hana, ya miƙo hannu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan masu fuskar. Tun dajin bakin teku bai ga madubi ba.

"Goge waɗannan."

"Su kaɗai ne masu fuska, Fasto."

"Ba fuskata ba ce. Mamana tana da rai. Goge, Sale."

Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Na goge su yana kallo, har na ƙarshe. Ya bar mai duhun. Ya ce wannan ya yi, a ciki yana da ƙiba.

Da magariba muka sauko, ina riƙe da shi a kan alfadarin don ya daina iya zama. Da mota ta samu muka kai shi birni. Asibitin sun karɓe shi, ba su tambayi takarda ba, wannan zan faɗa musu. Bai kai Lahadi ta biyu ba. Wani fada baƙar fata, mutumin Kwango, ya zo da mutanen cocinsa suka binne shi a maƙabartar Kiristoci. Baba Lahsan ya sauko daga dutse don jana'izar. Mu biyu muka tsaya a gefe, ba mu san waƙoƙin ba. Da rigar aka binne shi. Tsohon ne ya ce a bar masa.

Ni na kira Saratu. Ban iya kwana-kwana ba, na faɗa mata kai tsaye. Bayan haka na daina sha'awar teku. Da wata ƙungiya ta ce tana mayar da mutane gida, na ba da sunana.

A Kaduna na wanke hoton babba, na sa masa firam, na hau Keke zuwa Romi. Sun ɗaga addu'ar da za a yi masa a coci sai na dawo, don na ce musu ya bar saƙo, yanzu an sa ta ranar Asabar. Falon cike yake. Ga Saratu, ga babbar 'yarsa Rifkatu, ga yayansa Baba Ayuba, ga mahaifiyarsa a kan tabarma, tsohuwa ƙwarai, idonta ya yi hazo. Aka gaisa, aka yi mini sannu da hanya, aka kawo ruwa. Na buɗe takardar da na naɗe hoton.

Kowa ya matso ya leƙa. Can Baba Ayuba ya ce dutsen ya yi kyau, amma ina Bulus? Na nuna. Ya ce wannan kowa ma zai iya zama. Ya ce ba a taɓa shiga coci da hoton da ba fuska ba, mutane za su ce iyali sun ɓoye wani abu. Gara a faɗaɗa na katin aiki, ko ba kyau, an san shi ne. Wasu suka ce haka ne. Na ce Bulus ya hana. Ya ce Bulus ba ya nan, su ke nan.

Saratu ba ta ɗauke ido daga hoton ba. Ta tambaye ni a hankali, Malam Sale, babu wani mai fuska, ko ɗaya? Na ce an yi, ya sa na goge. Ta ce duka? Na ce duka. Ta tashi ta shiga ɗaki. Har yau in mun haɗu a kasuwar Kakuri takan gaishe ni, amma ba ta tsayawa. Ban ga laifinta ba.

Tsohuwar ce ta ce a miƙo mata. Rifkatu ta ɗora mata a cinya. Ta kai shi dab da idonta, ta bi jan dutsen da yatsa, ta sauko kan baƙin da ke tsaye. Ta tambaya farin nan na ƙasa mene ne, aka ce mata ƙanƙara ce, Mama. Yatsanta ya tsaya a kafaɗar.

"Ɗana, wannan rigar ba tasa ba ce. Wa ya ba shi?"

"Wani tsoho ne a can, Mama. Tasa ce ta Juma'a."

"Mai kauri ce?"

"Mai kauri ce ƙwarai."

"Da ita ya tafi?"

"Da ita aka sa shi."

Ta gyaɗa kai. Ta goge gilashin da bakin zanenta, ta miƙa wa Rifkatu, ta ce ta riƙe da hannu biyu ranar Asabar, yana da nauyi.